Gyaran kulocin 'yar motar gonarmu a Jos: abin da na gani bayan wata huɗu

Yaran da ke aiki a gonarmu ta bayan Bukuru sun sa mata suna Kunkuru, kuma ban ga laifinsu ba. 'Yar motar ɗaukar kaya ce mai ƙafa huɗu, irin waɗanda ake gani a filin wasan golf na Rayfield, sai dai ita tana da ɗan bodi a baya inda ake zuba kaya. Mai fetur ce, silinda ɗaya. Kwance na saye ta a Abuja, a hannun wani mai otal da ya koma amfani da masu batir. Aikinta a wurinmu ɗauko abincin kaji daga sito, da kai kiret-kiret na ƙwai bakin get, da rani kuma ta hauro da kabeji da karas daga lambun da ke gefen tsohon ramin kuza. Wannan hawan na bakin rami shi ya tona mata asiri.

Da farko buhu biyar na kabeji take haurowa da su ba gardama. A hankali ta koma uku, su ma sai yara biyu sun sa kafaɗa a baya. In ka taka totur sai injin ya yi ta kururuwa, motar kuwa tana rarrafe, ga warin ƙonanniyar roba yana tasowa daga ƙarƙashin kujera. Wurin tashi kuma sai ta yi karkarwa kamar mai masassara kafin ta ɗauka. Wani mai gyaran janareta da ke kusa da mu ya wanke kafireto sau biyu, ya canja fulogi, ya canja siririn bel ɗin da ke tayar da inji, ya karɓi kuɗinsa. Ba abin da ya sauya. Da ya ce saura a sauke inji a canja zobe, sai na ce a'a, a bari in huce tukuna.

Wani abokina mai gonar kaji a Kuru ne ya kwatanta mini wani dattijo a garejin Farin Gada, ya ce ya taɓa aiki da masu irin waɗannan motoci. Muka ɗora Kunkuru a akori-kura muka kai masa. Abin da ya fara burge ni, ko kallon kafireto bai yi ba. Ya ɗaga kujera, ya sa ɗan yatsa a kan babban bel ɗin, ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau. Ƙarfin yana fitowa, a hanya yake zubewa."

Ga yadda ya bayyana mini, ni ma na gani da idona da aka kwance. Waɗannan motoci, ko Club Car ce ko Yamaha ko E-Z-GO, muddin mai fetur ce, ba su da giya ɗaya, biyu, uku. Kuloci biyu gare su, na gaba a bakin inji, na baya a jikin akwatin da ke juya tayoyi, da bel mai kauri a tsakaninsu. Kowane kuloci faranti biyu ne masu gangare suna fuskantar juna, bel na zaune a tsakiya. A cikin na gaba akwai wasu 'yan ƙarafa masu nauyi. In inji ya ɗau gudu sai su buɗe, su turo faranti ɗaya ya matse bel, bel ya hau sama. Na baya kuma sifirin ne ke riƙe da shi, yana buɗewa bel na nutsewa ciki. Wato giyar tana canjawa da kanta ba tare da tsalle ba. In an zo hawa kaya ya yi nauyi, kulocin baya ne ke jin nauyin ya sake matsewa, ya mayar da motar ƙaramar giya. To wannan mayarwar ce Kunkuru ta daina yi.

Baba, haka kowa ke kiransa a garejin, ya ɗauko alƙalamin maka ya ja layi a fuskar farantin gaba daga tsakiya zuwa baki, ya ce wa yaronsa ya zaga da motar. Da ta dawo, bel ya goge layin zuwa wajen rabi ne kawai, saura na nan baƙi ƙirin. Ya ce kulocin gaba ma ba ya rufewa har ƙarshe, ƙura ta cushe shi. Wanda ya san jar ƙasar Filato da ƙurar hunturu ba zai yi mamaki ba. Da aka auna bel ɗin da sabo, tsohon ya rage faɗi da kusan milimita 3, gefensa ya yi santsi yana ƙyalli kamar an goga masa man takalmi. A kulocin baya akwai wasu 'yan robobi uku da ke zamewa a kan gangaren ƙarfe. Biyu sun cinye, ɗaya ta ɓace gaba ɗaya, ƙarfe na cin ƙarfe. Sannan ga giris da wani mai son taimako ya taɓa lafta wa farantan. Baba ya yi tsaki ya ce wannan ba irin na manyan motoci ba ne da bel ɗin ƙarfe ke aiki cikin mai. Wannan a bushe yake so, ko ɗigon mai ya taɓa shi sai ya riƙa sulɓewa.

Wani laifin kuma nawa ne. Saboda duwatsun hanyar lambu na cire tayoyinta na asali masu inci 18 na sa masu inci 20. Ta ɗan ɗaga, gindinta ya daina bugun dutse, amma ashe na rage mata kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin ja. Ga kuma tudun Jos, wajen mita 1,200 sama da teku, inda iska ba ta da kauri. Inji irin wannan yakan rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Motar da ta saba da shimfiɗaɗɗen siminti na otal a Abuja, na kawo ta kan dutse, na ƙara mata takalmin da ya fi ƙafarta, na ɗora mata kabeji.

Aikin hannunsa ba ni da abin cewa. Kulocin gaba a kan sanda mai tsini yake zaune, a cije, kuma na ga inda wani ya taɓa dukansa da guduma. Baba yana da nasa dogon noti na musamman da ake ɗaurawa a tsakiya har kulocin ya saki da kansa, fat. Na baya kuma bai yarda yaronsa ya buɗe shi haka kawai ba, sai da ya danne sifirin ɗin da wani dogon rodi mai zare, ya ce ya taɓa ganin wanda irinsa ya fasa wa leɓe. Ya wanke farantan tas, ya bi su da samfefa mai laushi, ya sa sababbin robobi, ya wanke sabon bel da sabulu ya shanya kafin ya ɗaura. Ya nuna mini alamar da zan riƙa dubawa: in mota na tsaye, bel ya kamata ya zauna daidai bakin farantin baya ko ya ɗan leƙo sama kaɗan, ranar da na ga ya nutse ciki, ya ci lokacinsa.

Maganar ƙarin ƙarfi ita ce muka ɗan ja. Shi shawararsa a sa wa kulocin baya sifirin mai tauri, a bar na gaba yadda yake. Ni kuwa na kalli bidiyon Amurkawa a YouTube, na ga suna canja sifirin ɗin gaba da na baya duka biyun, na kafe. Ya ce, "Alhaji, ba ƙwai ka ce kana ɗauka ba?" Na ce e. Ya ce to, mota taka ce. Abin da yake nufi sai a gona na gane. In sifirin ɗin gaba ya yi tauri, kuloci ba ya kama bel sai inji ya riga ya ɗau gudu sosai, saboda haka motar ba ta tashi a hankali, fizga take yi. Safiya ta farko kiret biyu suka zamo daga sama, ƙwai sittin, da ƙyar muka tsinci goma sha ɗaya masu rai. Na koma Farin Gada kaina a ƙasa. Bai ce mini komai ba, ya mayar da tsohon sifirin ɗin gaba, bai kuma karɓi ko sisi ba, ko da yake yaran garejin sun sha dariya.

Inda zan rage masa maki shi ne alkawari. Ya ce kwana uku, sai da muka yi goma sha ɗaya. A Dilimi an samu bel amma ba a samu sifirin ba, sai daga Legas aka aiko, na farkon da ya zo kuma bai yi daidai ba. Wannan ba laifinsa ba ne, amma da ya ɗaga waya ya faɗa mini da ban yi ta ɗaukar hayar kura ina zuba ido ba. Ba ya ba da rasit, ba ya rubuta abin da ya canja, sai dai ya zuba maka tsofaffin kayan a leda. Yaronsa kuma ya bar mini tambarin hannu na baƙin mai a kan kujera wanda har yau bai fita ba. Kuɗin aiki da kaya gaba ɗaya bai kai abin da mai janareta ya yanka mini na sauke inji ba.

Wata huɗu ke nan. Tana haurowa daga bakin rami da buhu shida ba mai tura ta, warin roba ya ɗauke, karkarwar tashi ta tafi. A madadin haka injin ya fi ƙara, domin yanzu ya fi daɗewa a ƙaramar giya, man da take sha ya ɗan ƙaru, gudunta a miƙaƙƙiyar hanya kuma ya ɗan ja baya. Ga mai yawo da baƙi a harabar otal ko gidan biki, ban ga dalilin sa sifirin mai tauri ba; wanke kuloci da sabon bel sun ishe shi. Mai gona a tudu kuwa, musamman wanda ya ƙara girman taya, na baya kaɗai zai canja.

Duk ranar Asabar yanzu muna ɗaga kujera mu hure ƙurar da famfon iska. Na sayi bel na biyu na rataye a ƙusa cikin sito, nesa da rana da jarkar mai. Baba ya ce 'yan ƙarafan kulocin gaba sun fara lotsawa a gefe ɗaya, in kawo ta bayan damina. Yara dai har yanzu Kunkuru suke ce mata.