Hular Davy Crockett da na siyo a San Antonio

Gaskiya hular nan mai jela ta burge ni, gashin laushi kamar na mage, sai dai ba fatar gaske bace kuma tana tara zufa a ka sosai. A wani shagon tsaraba kusa da Alamo na siya, tsohon sansanin yaƙi a jihar Texas ta Amurka inda aka kashe Davy Crockett a 1836. Abin da ya dame ni shine mai shagon labarin farauta da shirin Disney na 1954 kawai yaketa bani, ko uffan bai ce ba kan siyasarsa, alhali ɗan majalisar Amurka ne daga jihar Tennessee wanda ya fito fili ya ƙi dokar shugaban ƙasa Andrew Jackson ta korar ƴan asalin ƙasar daga filayensu a 1830, har ya sha ƙasa a zaɓen da ya biyo baya. Yarona kam ya ƙi cire ta.