Kalmar "play" da ƙamusun Oxford mai bayani biyu: abin da na gani bayan wata takwas

Jimla guda ɗaya ce ta sa na sayi ƙamusun nan mai suna Oxford Advanced Learner's English-Chinese Dictionary, kuma abokin karatuna Basine ne ya aiko mini da ita ta waya a farkon zamana a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ya rubuta da Turanci cewa: "Come to my home to play this weekend." Mutumin nan ya haura shekara talatin, yana da mata da 'ya, kuma yana tsakiyar rubuta kundin digirinsa na uku, saboda haka sai da na jima ina juya saƙon kafin na fahimci cewa gayyata ce ta cin abinci da hira. Da na je gidan na tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kalma, sai ya buɗe wata manhajar fassara da ke wayarsa, ya rubuta kalmar Sinanci "wan", nan take ta ba shi "play" ba tare da wani ƙarin bayani ba. A Sinanci babba da yaro duk suna yin "wan": ziyarar aboki, yawon buɗe ido da zaman hira duk sun shiga ciki. A Turanci kuwa, idan aka ce mutum ya zo gida ya yi "play" ba tare da an ambaci irin wasan ba, tunanin mai sauraro kan yara yake tafiya.

Mun yi yarjejeniya cewa zai riƙa koya mini Sinanci, ni kuma in taimaka masa da Turanci sau biyu a mako, domin yana shirin rubuta jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Turanci. Na ga cewa muddin wayar nan ce madogararsa za mu yi ta maimaita kuskure iri ɗaya, shi ya sa na nemi ƙamusun da aka yi musamman domin masu koyo. Asalin wannan ƙamus aikin wani malami ne ɗan Ingila, A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan tun daga shekarun 1920, ya kuma lura cewa ɗalibansa suna sanin ma'anar kalma amma su kasa saka ta a jimla. An fara buga aikin a Tokyo a 1942, sannan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Wanda ke hannuna na haɗin gwiwa ne da maɗaba'ar Commercial Press ta ƙasar Sin, wadda aka kafa a Shanghai a 1897. Sinawa suna kiran irinsa "shuangjie", wato mai bayani biyu, domin kowace ma'ana tana zuwa da bayanin Turanci tukuna, sannan fassarar Sinanci ta biyo baya, kuma misalan jimloli ma an fassara su.

Ranar da muka buɗe shafin "play" mun shafe fiye da sa'a guda ba mu bar shi ba. An rarraba ma'anonin kalmar a ƙarƙashin gajerun kanun bayani, ta yadda ido zai iya tsallakawa daga wasan yara zuwa wasannin motsa jiki, zuwa kiɗa, zuwa wasan kwaikwayo, kuma tun a ma'ana ta farko bayanin ya danganta kalmar da irin abin da yara ke yi don jin daɗi. Abokina ya ɗora yatsa a kan wannan layi ya karanta shi sau biyu, sannan ya ɗago ya tambaye ni ko mutane nawa ya aika wa irin wancan saƙo a rayuwarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne da muka gangara ƙasa ya ga aikatau ɗaya na Turanci yana ɗaukar nauyin da Sinanci ya raba wa aikatau masu yawa. Basine "da" yake yi wa ƙwallon kwando da ƙwallon tebur, wato bugu da hannu, amma ƙwallon ƙafa "ti" yake yi mata, wato shuri. Piyano "tan" ake yi masa, goge irin na Turawa "la", wato ja, sarewa "chui", wato busa, dara kuma "xia", wato ajiye ɗa a kan allo. Duk waɗannan Bature "play" yake cewa.

A nan ne na gane cewa Hausata ta fi Turancina amfani wajen fahimtar matsalar wannan ɗalibi, domin mu ma haka muke rarrabawa. Muna buga ƙwallo, mu kaɗa garaya, mu busa algaita, mu kunna rediyo, kuma babu Bahaushen da zai ce wa dattijo ya zo gida su yi wasa alhali hira yake nufi. Da na jero masa waɗannan misalai ya yi mamaki ƙwarai, domin a zatonsa Sinanci ne kaɗai ke da wannan ɗabi'a. Daga ranar na daina yi masa bayani kamar wanda aka haifa da Turanci a baki, na koma nuna masa yadda ni kaina na haɗa aikatau huɗu ko biyar na harshena a cikin kalmar baƙi guda ɗaya.

Inda ƙamusun ya fi biyan kuɗinsa a wurina shi ne tsarin jimla da yake nunawa kusa da kowace ma'ana. Sinanci ba shi da kalma mai aikin "the", saboda haka abokina bai taɓa lura ba cewa a ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai ana cewa "play the piano" amma "play football". Ban faɗa masa ƙa'idar ba, na sa shi ya karanta misalan kiɗa da na wasanni a jere har ya ciro ta da kansa, kuma tun daga lokacin ban sake ganin wannan kuskure a rubutunsa ba. Haka nan ya ga bambancin "play with" da ake yi da abin wasa ko tsakanin yara, da "play against" da ake yi da abokin karawa. A shafin akwai kuma maganganun da ma'anarsu ba ta fitowa daga kalmomin da suka haɗa su, kamar "play down", wato rage wa al'amari girma, da "play a role", wanda mu muke cewa taka rawa, kuma wannan na biyun yanzu yana fitowa daidai a kusan kowane babi na kundinsa. Bayanin Turancin kansa an rubuta shi da zaɓaɓɓun kalmomi masu sauƙi kimanin dubu uku, don haka ɗalibi mai matsakaicin ƙarfi yana iya karanta shi ba tare da ya nemi ma'anar wata kalma a cikin bayanin ba.

Sai dai na lura cewa bayani biyun nan yana iya zama tarko ga mai gaggawa. Idon abokina yakan tsallake layin Turanci ya faɗa kan Sinancin kai tsaye, kuma idan ya yi haka ya koma inda wayarsa ta bar shi. Maganin da muka samo shi ne wata 'yar takarda mai kauri da yake rufe fassarar da ita, ya karanta bayanin Turanci da misali ɗaya, ya faɗi abin da ya fahimta, sannan ya ɗaga takardar ya gwada. Akwai kuma kurakuran da suke fitowa daga Sinanci zuwa Turanci, waɗanda mai koyo ba zai san ya kamata ya bincika ba sai wani ya ji su a bakinsa. Saboda Sinawa suna cewa "da taijiquan" idan za su yi motsa jikinsu na gargajiya da ake kira tai chi, abokina ya daɗe yana cewa mahaifinsa yana "play tai chi" kowace safiya a bakin tafki, alhali "do" ko "practise" ake amfani da su. Saboda suna cewa "wan shouji", wato wasa da waya, yakan ce 'yarsa tana "play phone", inda ya kamata ya ce "play on her phone". Waɗannan ni na kama su da kunne, ƙamusun kuma ya zama wurin da muke komawa mu tabbatar da gyaran.

Ga ɗan'uwa Bahaushe da ke karatu ko kasuwanci a ƙasar Sin kuma yake tunanin saye, ya sani cewa an yi littafin ne domin wanda ya riga ya iya karanta rubutun Sinanci, saboda haka fassarar ba ta zuwa da rubutun boko na pinyin da ke nuna lafazi, kuma wanda yake farkon koyon Sinanci ba zai ci moriyar wannan rabin ba sai da mataimaki a gefe. Littafi ne mai nauyi, shafukansa sun haura dubu biyu, rubutun kuma ƙanana ne, ya fi dacewa da zama a kan tebur. Amma ga mai koya wa Basine Turanci, ko Basinen da ya wuce matakin haddar kalmomi yana son ya rubuta jimlar da Bature zai karanta ba tare da ya tsaya ba, ina ba da shawarar a saye shi ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

A makon jiya abokin nawa ya sake gayyata ta gidansa, kuma wannan karon saƙon cewa ya yi: "Come over for dinner on Saturday." A ƙasa ya ƙara da cewa 'yarsa tana so ta yi "play the piano" in saurara bayan an gama cin abinci.