Wayar sifikar da na saya a Sabon Gari, da wadda na canza daga baya

Jama'a duk mai shirin canza sautin motarsa don Allah ya duba wannan kafin ya fidda kuɗi. Wata biyu kenan na sa wa Corolla ɗina sabbin sifikun ƙofa na Pioneer, da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wufa (babbar sifika mai bugu da kaurin sauti) ɗaya a but. Wayar a wani shago na saya a Sabon Gari, yaron shagon ya ɗauko wata jibgegiya ja da baƙi yace "Alhaji geji 12 ce wannan, ba ka da matsala" (geji shi ne ma'aunin kaurin waya). A ido kam ta cika hannu.

Aka haɗa, amma wufar ba ta bugawa yadda nake so, in na ƙure ƙara sai sautin ya zama wani lagwai lagwai, bakin wayar kuma ya riƙa ɗumi. Na kai wa rewaya na a Ƙofar Ruwa, dattijo ne mai haƙuri, bai ma kunna rediyon ba ya sa reza ya fere robar, wallahi duk kaurin nan roba ce, silin da ke ciki bai fi na geji 18 ba. Ya kankare sili ɗaya sai ga fari ya fito, ashe alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, wanda ake rubuta wa CCA. Ya kara masa laita nan take ya lanƙwashe ya zube. Abin ya min ciwo sosai, don da an faɗa min gaskiya zan ƙara kuɗin. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya wucewa da shi, ga shi kuma an rage silin.

Shi ya min bayanin gejin, lamba tana raguwa waya tana ƙara kauri, wato 12 ta fi 16. Sifikun ƙofa 16 ta ishe su, ba sai ka wahalar da kanka wajen cusa ƙatuwar waya ta robar ƙofa ba, wufa kuwa 12 ko 14 tunda ita ce mai jan wuta. Kuma wajen zaɓen waya wat ɗin RMS ake dubawa, wato ƙarfin wutar da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai, ba ƙatuwar lambar da ke jikin kwali ba.

Muka sayo mai OFC a jiki, jan ƙarfe zalla, tsadarta ta kusa ninki biyu amma ko a hannu za ka ji nauyinta daban. Wayar wutar amfilifaya ma ya mayar da ita geji 8 ya sa fiyus dab da batir, wannan kam batun tsaron mota ne daga gobara ba batun sauti ba.

Yanzu ko a cunkoson Kantin Kwari na ƙure ta, wufa na bugawa tas, waya ba ɗumi. Rewayan ya yi aiki mai tsafta ba ko salatif ɗaya a waje. Shagon farko dai ba zan koma ba, wayar tasu tana nan a but na ajiye ina nuna wa abokai.