Faifan ajiyata ya mutu a Jamus, aka canza min ba ko musu

Jama'a masu ɗaukar bidiyon biki a gida, ku zo ku ji. Faifan ajiya na HDD, irin mai juyi a ciki, mai tera 8 da na saya a nan Hambog bai kai shekara ba ya fara ƙas-ƙas-ƙas, kwamfuta ta daina ganinsa. Na ɗauki risit na tafi kantin, tun a jirgin ƙasa nake shirya rantsuwa, wallahi bai faɗi ba, ruwa bai taɓa shi ba, har na tanadi fushin da zan yi. Matar da ke teburin ko kallon fuskata ba ta yi sosai ba, ta duba risit, ta duba lambar jikin faifan, ta miƙo takarda na sa hannu, ta ce za su kira ni. Shi ke nan fa! Na tsaya sororo ina jiran a ce "Malam kai ka lalata shi", shiru. Daga baya aka kira ni na karɓi sabo fil a kwali.

Kuma ba kirkinta ba ne, doka ce. Kaya sabo a nan yana da garantin shekara 2 a wuyan mai kanti, a shekarar farko ma shi zai kawo hujjar cewa kai ka ɓata, in kuwa ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka mayar ko ba dalili. Mu kuwa a gida an rubuta a ƙasan risit ɓaro-ɓaro kayan da ya fita ba ya dawowa, in ka matsa a ce ka yi haƙuri ƙaddara ce, a tara maka maƙwabta suna ba ka baki.

Amma kar ku ɗauka aljanna ce. Da na tambaye ta aikin da ke ciki fa, ta ce wannan ba ruwansu, ƙarfe suke canzawa. Masu ceto bayanai kuwa kuɗin da suke yanka ya ninka na faifan, kuma sai ka cike fom ka aika ta gidan waya ka jira wasiƙa, Lahadi ko'ina a rufe. A nan na yi kewar Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, yaro zai karɓa ya ce "Oga zauna mu gani", a jona nan a jona can, ana ciniki ana hira, ko bai gyaru ba dai ka ga an damu da kai. Abin da ya rufa min asiri akwai kwafin komai a wani faifan.

To ga yadda na ga masu wannan sana'a ke yi a nan Jamus. Bidiyon 4K a kan megabit 100 a sakan yana cin giga 45 duk awa, ka lissafa kamu da ɗaurin aure da dina da kyamara biyu. Aikin da ake editin yana kan SSD, faifan da ba ya juyi, irin su Samsung T7 da ke kai megabait 1,000 a sakan, HDD kuwa da ƙyar ya wuce 200 amma ya fi araha nesa ba kusa ba, shi ne na ajiye wanda aka gama. Wanda ya yi ƙarfi sai ya sayi akwatin NAS, wato akwatin ajiya da kwamfutoci ke shiga ta network, irin na kamfanin Synology ya zuba faifai biyu masu kwafar juna, kuma cikin salon rubutu biyu na HDD yana duba a rubuce CMR ne, domin ɗayan, SMR, yakan yi nauyi in ana ta jibga masa kaya. Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya ba a cikin gidan ba. Ni na ukun a intanet yake, duk da cewa lodawa a layin gidana sai ka kwana ka tashi bai gama ba, Jamus guda fa.

Abin da ke ƙona min rai da mu shi ne son banza. Mutum ya ga filash an rubuta tera 2 a kuɗin cin abincin rana ya saya yana murna, alhali cikinsa ƙila giga 32 ne, an yi masa dabara yana nuna ƙarya, yana cika sai ya riƙa taka na farko, ranar da amarya ta zo karɓa fayil ya ƙi buɗuwa. Akwai manhaja kyauta, H2testw, a nan Jamus ma aka yi ta, tana cika shi ta karanta ta tona asirinsa. Sannan a je ana rigima da mai gaskiya wai tera 4 ya nuna 3.63 a Windows an cuce ka, wannan bambancin lissafi ne kawai. Ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa faifai na tsaka da juyi, ba UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, ga zafi ga ƙurar hunturu, duk bikin mutane na shekara biyar a faifai ɗaya cikin jakar goyo a bayan babur. Ku sa kuɗin faifai na biyu cikin kuɗin aiki tun wajen ciniki, wanda ya iya biyan mai kwalliya da DJ zai iya biyan wannan.