Yankari ko Dagona: Ina Ya Fi Dacewa da Hunturu?

Malam, ka tambaya wanne ya fi tsakanin Yankari da Dagona ga mai son yawo a ƙafa da kallon namun daji a watan Disamba ko Janairu. Ra'ayina shi ne, a waɗannan watanni Dagona ce ke kan ganiyarta, Yankari kuwa lokacinta bai gama yi ba.

Dagona tana ƙaramar hukumar Bade a Jihar Yobe, cikin fadamun Haɗeja da Nguru, kuma abin da ke kai mutum can tsuntsaye ne. Idan sanyi ya tsananta a Turai, agwagwan ruwa da sauran tsuntsaye masu ƙaura sukan ƙetaro Sahara su sauka a kan ruwan da ambaliyar damina ta bari, su cakuɗu da na gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe, sannan su fara komawa wajen watan Maris. Mutum yakan bi bakin ruwa a ƙafa ko ya shiga kwalekwale, amma ya fita da sassafe da rigar sanyi, ya kuma riƙe madubin hangen nesa, domin hazo yakan rage gani sosai. Ka sani kuma cewa ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, kuma masauki mai kyau sai an koma Gashuwa ko Nguru.

Yankari, wadda ke ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, an buɗe ta ga masu ziyara a 1962, kuma a nan ne ake neman giwa da ɓauna da gwanki. Sai dai daji ne da ake shiga a mota tare da ɗan jagora, ba a barin baƙo ya kutsa shi kaɗai. A Disamba ciyawa tana da sauran tsayi, ruwa bai ƙafe ko'ina ba, saboda haka dabbobi a warwatse suke. Sai daga Fabrairu zuwa Afrilu ƙishirwa ke tattaro su gaɓar kogin Gaji. Abin da Yankari ta fi Dagona da shi a hunturu shi ne ɗakunan kwana da maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta ke tsaye wajen digiri 31 dare da rana, ko da yake birai a sansanin ba su da kunyar fizge ledar abinci daga hannun yaro.

Idan da iyali za ka, Yankari ta fi sauƙi. Idan tattaki kake so, ka nufi Dagona kafin ƙarshen Fabrairu, bayan ka tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki.