Wane sabulu za a saya don ciro inzayim daga fatar ƙwayar halitta?

Ɗalibin da ya gano sabon inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) mai yanka furotin a cikin fatar ƙwayar halitta ba zai iya tantance aikinsa ba sai ya raba shi da kitsen da ya lulluɓe shi, ba tare da ya kashe shi ba. Sabulun ɗakin gwaji ne ke yin wannan aikin, kuma zaɓensa ya cancanci a yi shi da natsuwa kafin a tura oda Legas.

Triton X-100 ya fi sauran araha, kuma ba ya buƙatar firiza. Sai dai yana shanye haske mai tsawon zango nanomita 280, daidai inda ake auna yawan furotin, ta yadda na'ura za ta nuna adadin da babu shi. Haka kuma yana tarwatsa gamma-secretase, inzayim ɗin da ke da alaƙa da cutar Alzheimer, alhali wani sabulun mai suna CHAPSO na barinsa yana aiki. Wanda ke zaton inzayim ɗinsa haɗakar furotin da yawa ce, gara ya karkata ga CHAPSO.

A ganina, sabulun DDM (dodecyl maltoside) ne ya fi dacewa a fara da shi duk da tsadarsa, saboda sauƙin da yake yi wa furotin. Da shi ake yawan nazarin dangin inzayim da ake kira rhomboid, waɗanda aka tabbatar a 2001 cewa suna yanka furotin a cikin fata. Dangin ya shafe mu kai tsaye, domin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro na amfani da ɗaya daga cikinsu, PfROM4, wajen shiga jajayen ƙwayoyin jini. DDM na fara aiki daga kimanin milimola 0.17 a kowace lita, sabulun OG (octyl glucoside) kuwa sai wajen 20 zuwa 25, don haka ƙaramar kwalba ta DDM kan daɗe. Fifikon OG ɗaya ne: ya fi sauƙin cirewa bayan an gama.

Ga mai aiki a Kano, ko a Jami'ar Bayero ko wani wuri, tambayar farko ita ce firiza. Ana ajiye DDM a bushe a digiri 20 ƙasa da sifili, kuma a zafin Afrilu, idan aka ɗauke wuta ba sola ba janareta, cikin firizar kan narke kafin a ankara. Ya fi aminci a sayi giram ɗaya a gwada, a raba shi ƙananan kwalabe, sannan a yi babbar oda idan inzayim ɗin ya ci gaba da yanka.

Sabulun SDS kuwa a bar shi don aikin jel kawai, wato raba furotin bisa girmansu, domin yana warware siffar furotin gaba ɗaya.