Sharhi: kwanon silba mai hawa uku, filas ɗin miya da robar 'yan makaranta

Kaya uku nake sharhi a kansu, kuma duk ana samunsu a rumfar masu kwanuka, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a ta ƙaramin gari: kwanon silba mai hawa uku da ƙarfen ɗauri, filas ɗin abinci mai faɗin baki mai cin rabin lita, sai robar abinci mai murfi mai kunnuwa huɗu, irin wadda ake saya wa 'yan makaranta. Dalilin amfani da su ɗaya ne, a daina ƙulla abincin makaranta da na wurin aiki a leda da robar tekawe. Kwanon silba ya ci kuɗinsa. Filas ma ya ci, amma sai ga wanda ya iya shi. Robar kuwa ba ta dace da girkinmu ba, sai dai a zuba mata busasshen abu.

A yi lissafin sharar tukuna. Ɗan makaranta yana fita kwana 5 a mako, zango 3 a shekara, wajen kwana 190 ke nan. Idan kullum ana ba shi leda 2 da fiya wata 1, gida mai yara 3 zai zubar da leda sama da 1,700 a shekara daga abincin makaranta kaɗai, ban da na maigida. 'Yan jari bola suna tsintar gorar ruwa da roba mai kauri da ƙarfe, amma ledar da ta sha mai da farar tekawe mai kama da soso babu mai waiwayarsu. Ko dai su toshe kwata kafin damina, ko a kunna gawayi da su a shaƙi hayaƙin, ko akuya ta haɗiye saboda ƙamshin miya. Mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin dabbar da ta rame babu dalili. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Nijar ma tana da dokarta tun 2014, jihar Legas kuma ta hana farar tekawe a farkon 2024. Sai dai doka ba ta shiga madafa, mai zuba abinci da safe ita ke yanke hukunci.

Kwanon silba mai hawa salo ne da ya yi ƙarfi a Indiya, inda masu kai abinci na birnin Mumbai suke yawo da irinsa tun wajen 1890. Wanda nake magana a kansa kowane hawa yana cin kusan rabin lita, kwano na sama shi ne murfin na ƙasa, ƙarfen ɗauri kuma yana matse su gaba ɗaya ya zama mariƙi. Ba ya riƙe wari, ba ya rinewa da manja, idan ya faɗi sai dai ya lotsa. Wannan shi ne babban abin yabonsa, domin mazubin da ya fashe cikin zango ɗaya shi ma shara ne, ya ma fi leda nauyi a bola.

Amma silba suna ne da ya haɗa ƙarafa daban-daban, kuma a nan ake cutar mai saye. A juya gindin kwanon a duba hatimi. Idan an buga 304 ko 18/8, ƙarfen yana da kashi 18 cikin 100 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, shi ne ke jure gishiri da tsamin tumatir. Mai lamba 201 an rage masa nikel an cika da manganis, ya fi araha, yana ƙyalli a rumfa kamar ɗan'uwansa, amma idan miya mai gishiri tana kwana a ciki zai fara fitar da ɗigo-ɗigon tsatsa, musamman a lanƙwasar baki da wurin walda. Gwajin maganaɗisu da ake yawan faɗa bai raba waɗannan biyun, don dukansu ba sa kama shi sosai. Abin da yake nunawa kawai shi ne ƙarfe mai lamba 430, wanda ke mannewa nan take. Idan babu hatimi ko kaɗan, a ɗauka mai arahar ne, a yi ciniki a kan haka. A kuma bambance shi da alminiyam: shi ya fi sauƙi a hannu, yana karcewa da cokali, kuma miya mai tsami tana cinsa.

Laifinsa biyu ne. Na farko, yana yoyo. Ƙarfe ne a kan ƙarfe babu zoben roba a tsakani, don haka da jaka ta karkata a bayan babur ko yaro ya ruga da gudu, miyar kuka ko romo za su bi gefe su shiga littattafai. Na biyu, bango ɗaya gare shi, ba ya riƙe zafi. Abin da aka zuba da ƙarfe 6:30 na safe ya huce tun kafin hantsi, kuma a lokacin zubawa jikinsa yana ƙona hannu, sai an naɗe shi da tsumma. Abin da ya dace da shi: dambu, ɗan wake da mai da yaji a hawa daban, soyayyar doya, awara, ƙosai, gurasa, dafaffen ƙwai, yankakken gwanda ko kankana a hawan sama. Abu mai nauyi a ƙasa, mai ɗan danshi a tsakiya. Yaron da bai kai shekara 7 ba yakan sha wuyar buɗe ƙarfen ɗaurin, kuma idan ya fizge da ƙarfi duka hawan ukun ke watsewa. Ga irinsu mai hawa biyu ya fi.

Maganar hucewa ba ta daɗin baki ba ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a riƙe dafaffen abinci sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos ko ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye a tsakanin nan. A bazara, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, cikin jakar makaranta ya zama wurin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Shinkafa ce ta fi haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta farfaɗo idan shinkafar ta yi ɗumi-ɗumi, ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa. Wake da taliya mai kifi su ma ba sa jira. Irin wannan abincin idan za a ci shi cikin awa 2 da zubawa zai iya tafiya a silba, amma wanda zai wuce haka filas yake so.

Filas na gaske bango biyu gare shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, shi ya sa zafi ba ya samun hanyar fita sai ta murfi. Ya bambanta da ƙaramar kula, wadda soso ne aka cusa tsakanin roba da ƙarfe. Kula tana da arha da faɗi, amma ba ta kai filas riƙe zafi ba. Yawancin masu cewa filas ɗinsu ba ya aiki, zubawar ce ba su iya ba. A fara cika shi da tafasasshen ruwa, a rufe minti 5 zuwa 10, a juye ruwan a kwanon wanke-wanke, sannan a zuba abincin yana tururi daga kan wuta, ba wanda ya jira a faranti ba. A cika shi har saura kamar faɗin yatsa ɗaya, domin rabin filas yana hucewa da wuri. A haka miya, faten wake ko shinkafa da miya suna kai azahar da zafin da sai an hura. Abu mai ruwa ya fi busasshe riƙe zafi, don haka dafa-duka busasshiya za ta riga fate yin sanyi.

Yadda ake gane filas ya mutu: a zuba ruwan zafi, a rufe, a jira minti 5, a taɓa jikinsa. Idan bangon waje ya ɗau zafi, iska ta shiga tsakani, yawanci bayan faɗuwa, kuma babu gyara. Gara a yi wannan gwajin ranar da aka saya, tun mai rumfa bai manta fuskar mutum ba. Kada a zuba masa fura da nono, kunun zaki ko kunun aya a rufe tsawon yini. Suna tsami su tara iska, murfin ya ƙi buɗuwa ko ya yi tsalle. Idan kuma murfi ya liƙe saboda abinci ya huce ya zuƙe shi, a kwarara ruwan ɗumi a kansa, kada a sa wuƙa a bakin.

Robar mai kunnuwa huɗu ita ta fi ɗaukar ido, yara ma ita suke so. Ranar farko ba ta yoyo, har ta fi silba a nan. A duba lambar da ke cikin alamar kusurwa uku a gindinta: 5 ita ce mai jure abinci mai zafi, 1 ta gorar ruwa ce kuma tana yamutsewa idan aka zuba mata kunu mai zafi, 6 ita ce dangin farar tekawe, 7 kuwa tarkace ce ta robobi iri-iri, gara a kauce mata. Ko mai lamba 5 ɗin tana da ciwo uku. Manja da jan tumatir suna shiga jikinta su bar launin da sabulu ba ya fitarwa. Warin daddawa da kifi yana zama. Kunnuwan kuma siririyar roba ce da ake lanƙwasawa kullum, daga nan take fara fari sannan ta tsage, kuma da kunne ɗaya ya karye murfin ya tashi aiki. Ga cincin, gyaɗa, dabino ko biskit, babu laifi.

Akwai ɗabi'ar da ke rushe duk wannan ƙoƙarin: a malmala tuwo a leda sannan a jera shi a kula. Kwano ya zo, leda ba ta tafi ba, ga kuma tuwo mai tururi manne da ledar da ba a yi ta don zafi ba. Abin da ledar ke yi shi ne hana mannewa da hana ɓawo, kuma ana samun duka biyun ba tare da ita ba. A shafa ɗan man gyaɗa kamar rabin ƙaramin cokali a cikin kwanon, a jiƙa mara da ruwa, a malmala kai tsaye, a rufe nan da nan. Alala ma haka: ƙananan kofunan silba da aka shafa wa mai, a cika kashi biyu cikin uku don tana tashi, a jera a tukunya a turara. Gwangwanin madara yana yi, amma yana saurin tsatsa kuma bakinsa na yanka.

Wanki shi ke kashe wa mutane gwiwa, kuma gaskiya aiki ne ƙari. Kwanon yara 3 masu hawa uku kwano 9 ne kowace yamma, a garin da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Hanyar rage ruwan ita ce a kwashe saura da cokali a zuba wa kaji ko awaki, a goge maiƙon, sannan a wanke a roba biyu, ɗaya ta kumfa ɗaya ta ɗauraya. Zoben robar da ke murfin filas sai an ciro shi da bayan cokali aƙalla sau ɗaya a mako, don a ƙarƙashinsa baƙar fumfuna ke taruwa, daga nan ne kuma warin da ake ɗora wa filas yake fitowa. A bar komai ya bushe a buɗe kafin a haɗa. Kada a jiƙa silba a ruwan bilic, sinadarin da ke ciki yana huda ƙarfen. Soson ƙarfe yana karce cikin filas da roba, abinci ya riƙa maƙalewa a karcen. Idan wari ya kama, a matse lemon tsami 1 a ruwan ɗumi a bar shi awa 1, a ɗauraye.

Gorar ruwa ce ke cike gurbin fiya wata. Leda ɗaya rabin lita ce, don haka gora mai cin mililita 750 ta ishi ƙaramin yaro zuwa tashi, babba kuma lita 1. A zaɓi mai faɗin baki da buroshi zai shiga. Masu tsinken zuƙa a murfi suna tara datti a inda hannu ba ya kaiwa. Idan za a yanka fiya wata ne a juye a gorar, ba a rage komai ba, sai dai a tafasa ko a tace ruwan gida.

Wurin da kwanon silba ya fi ba ni mamaki shi ne sayen abinci a waje. Da can da langa ake aiken yaro sayen koko da ƙosai, kuma har yanzu masu abinci ba sa ƙin kwano, da ma ledar da kuɗinsu suke saye. Ludayinsu shi ne ma'auni, ba girman mazubi ba, don haka babu ragi. Shinkafa a ƙasa, nama da salak a tsakiya, miya a filas. Abin kula kawai a miƙa shi a wanke kuma a bushe.

Wanda kuɗinsa bai kai duka ba, sai ya fara da kwanon silba mai hawa biyu da gora, filas ya biyo baya. A rumfa a haɗa hawan a ɗaure a girgiza, idan yana ƙara ɗaurin bai matse ba. A bi bakin kowane hawa da yatsa don jin kaifi. A filas kuma a tambaya ko ana samun zoben murfin daban, domin shi ke fara lalacewa, kuma rashinsa kaɗai ya isa a jefar da filas mai lafiya. A ƙarshe a kai wa mai zanen suna ya rubuta sunan yaro a kowane hawa da murfi, ba a ɗaya kawai ba, tunda a makaranta murfi ya fi kwano ɓata.